Jawabin Maraba ga Mai Girma Ɗan Majalisarmu daga Kwamitin Iyaye da Malaman Yara Masu Koyon Sana'ar Fim

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai Girma Ɗan Majalisa, Mai Unguwa, Malam Liman, iyayenmu maza da mata, jama'a baki ɗaya.

Ranka ya daɗe, sannu da zuwa, sannu da hanya. Ba za mu ɓata maka lokaci da lissafa ayyukanka ba, tafin hannu ba ya rufe rana, kuma duk matar da ta ɗebi ruwa a burtsatsen bakin masallacin nan ta riga mu yi maka addu'a. Yau ka tako har cikin lungunmu, inda mota ba ta shiga sai an sauka an ƙarasa da ƙafa. Allah ya saka da alheri.

Tun kafin ruwan gabanka ya huce, bari mu faɗi abin da ya sa muka yi ta zarya ofishinka: wuta muke nema, Yallaɓai. Sola, da batiranta da inbata, a ɗakin nan da yaranmu suke koyon tace hoto.

Kano ba baƙuwar fim ba ce. Tun 1937 aka buɗe sinimar Rex a garin nan, kuma tsofaffinmu har yau suna ba da labarin gobarar El-Duniya ta 1951. A zamanin marigayi Gwamna Abubakar Rimi aka kafa tashar talabijin ta CTV, ta ba 'yan wasan kwaikwayonmu fili. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a kaset, daga nan kasuwa ta buɗe, har Ƙofar Wambai ta zama inda 'yan Nijar da Gana da Kamaru suke zuwa sarin finafinai. Sunan Kannywood kansa a mujallar Tauraruwa ta nan Kano ya fara fitowa, kafin a san wata kalma wai ita Nollywood. Mu muka riga, a rubuta.

To amma ina makarantar? Cibiyar koyar da fim ta ƙasa tana Jos. A 2016 an ce za a gina alƙaryar fim ta naira biliyan 3 a Ƙofa, cikin Bebeji, aka yi ta ja-in-ja, aka fasa. Ba mu zo fama tsohon miki ba, kuma mun san malamanmu tarbiyya suke ji wa tsoro, mu ma ita muke ji wa. Sai dai fasawar ba ta hana yara son fim ba. Abin da ya faru shi ne yaro ya tafi titin Gidan Zoo, ya shekara uku yana ɗaukar jakar darakta yana sayo masa abinci, ba a taɓa bari ya leƙa kyamara ba, karatun boko kuma ya salwanta.

Shi ya sa muka ce gara su koya a gabanmu. Yara ne daga shekara 13 zuwa 18, suna zuwa yammacin Alhamis da Juma'a, lokacin da babu makarantar allo. Sharaɗinmu na farko, wanda ya yi fashin makaranta ba ya taɓa kyamara, domin ko Jos ko Jami'ar Bayero ba a shiga sai da kiredit biyar. Muna sa su karanta littattafan Hausa, su rubuta labari shafi biyu kafin a ɗauki ko sin ɗaya, wato fitowa ɗaya ta fim. Suna koyon cewa hasken hantsi da na la'asar ya fi na tsakar rana kyau a fuska, kuma mai kallo yana yafe hoto mai duhu amma ba ya yafe sautin da ba ya fita. Ana karanta musu ƙa'idojin Hukumar Tace Finafinai, wadda ke aiki tun 2001. 'Yan mata kuwa malama ce take zama da su har a tashi.

Kayan aikinsu suna nan a kan tebur, ka duba. Wancan makirufon a sandar tsintsiyar share yana aka ɗaure shi, aka sa masa safa don iska. Wancan kwalin da aka manna wa farar leda shi ke mayar da haske. Ba mu jin kunyar su. Abin da ke ƙona mana rai kwamfuta ce, ɗaya tal gare mu, batirinta ya tsufa. Makon jiya wata yarinya 'yar aji biyar ta kwashe yini biyu tana jera fim ɗinta, saura ƙiris ta gama aka ɗauke wuta, aikin ya tafi. Ba ta yi kuka a gabanmu ba, ta ja hijabinta ta fita. Janareta muna da ita, kuɗin mai ne iyaye suka gaza, kuma ƙararta tana shiga duk sautin da aka ɗauka.

Akwai sauran buƙatu, ƙarin kwamfuta biyu, da ɗaukar nauyin yara ko biyu ne zuwa Jos in sun gama sakandare. Waɗannan za su iya jira. Solar ce ba ta jira, ranka ya daɗe, ga zafi ya kunno kai. Mun sa mai gyaran wuta ya auna ɗakin, takardar lissafinsa tana manne a bayan wannan jawabi, ba mu ƙara ko sisi a kai ba.

Yanzu yaran za su nuna maka ɗan fim ɗinsu na minti shida. Da safen nan muka kai kwamfutar shagon mai caji, don haka muna roƙon masu sauran jawabai su dakata tukuna, a kunna shi tun tana da rai.

Wassalamu alaikum.

Kwamitin Iyaye da Malamai