Yadda ake sa wa folda kwaɗo a shafin intanet

Daga laccar da aka gabatar wa matasa masu koyon gina shafin intanet a Ringim, jihar Jigawa.

Assalamu alaikum. Ƴan uwa, da yawanku makarantun Islamiyya da ƙungiyoyin manoma za su ba ku aikin gina musu shafi. Shafi kamar gida ne: zaure na kowa, amma cikin gida sai da izini. Sakamakon ɗalibai, sunayen waɗanda suka karɓi taki da lambobin wayarsu, duk amana ce. Kada wanda ya ce ai ya ɓoye adireshin, babu mai gani. Mutum ɗaya ya tura shi a WhatsApp, magana ta ƙare.

Idan sabarku, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, tana aiki da manhajar Apache, fayil biyu kuke buƙata. Na farko .htaccess, ana ajiye shi cikin foldar da za a kulle, kuma yana kare duk foldojin da ke ƙarƙashinta. Layi huɗu ne a ciki: AuthType Basic, sai AuthName, sai AuthUserFile mai nuna inda sunaye suke, sannan Require valid-user. Baƙo na zuwa, saba ta mayar masa da lamba 401, wato sai da izini, burauza ta nemi suna da kalmar sirri. Mai amfani da cPanel, allon sarrafa shafi da kamfanonin saba ke bayarwa, zai sami wannan a Directory Privacy. Nginx kuwa, wata manhajar saba daban, ba ya karanta .htaccess sam.

Na biyun .htpasswd, mai ɗauke da sunaye da kalmomin sirri, kuma a nan nake so ku nutsu. Kada ku ajiye shi cikin public_html, foldar da kowa ke iya gani; ku sa shi inda burauza ba ta isa. Da umarnin htpasswd ake yin sa. Ku sa -B a umarnin domin a murɗe kalmar da bcrypt, wata hanyar ɓoye kalmar sirri. Amma -c, mai ƙirƙirar sabon fayil, sau ɗaya tak, ranar farko. Ka maimaita shi wajen ƙara mutum na biyu, ka goge na farko.

Wani ya tambaya ko shi ke nan. A'a. Tsarin Basic ɗin nan ba ya rufa asirin kalmar a hanya, wani salon rubutu mai suna Base64 kawai yake mayar da ita, wanda yaro ma zai warware. Dole sai da HTTPS, wanda ke rufe saƙo a hanya, kuma ƙungiyar Let's Encrypt na bayar da takardar shaidar da ake buƙata kyauta.

Sai abin da ya fi damuna a ƙauyukanmu, inda mutane da yawa ke layi a kwamfuta ɗaya. Wannan tsari ba shi da maɓallin fita. Burauza na riƙe kalmar, wanda ya zauna bayanka ya shige kai tsaye. Ku koya wa shugaban makaranta da sakataren ƙungiya su rufe burauzar gaba ɗaya kafin su tashi, kuma kowa a ba shi sunansa daban, don idan ya bar aiki a cire layinsa kaɗai daga .htpasswd.