Jawabin Maraba ga Mai Martaba Sarki a Ɗakin Adana Busassun Tsirrai

Mai Martaba Sarki, Allah ya ja zamaninka, 'yan majalisar Sarki, shugabannin jami'a, malamai da ɗalibai, assalamu alaikum.

A madadin ma'aikatan wannan ɗaki, ina yi wa Mai Martaba barka da zuwa, barka da sauka lafiya. Ɗakinmu ba shi da kayan ƙawa, sai kabad-kabad cike da ganyaye da furannin da aka danne suka bushe, aka manna kowanne a takarda tare da sunan wanda ya tsinko shi, da wurin, da ranar.

Ranka ya daɗe, sunayen kimiyya na yawancin tsirrai ana fara lissafinsu ne daga 1 ga Mayu 1753, da littafin Linnaeus mutumin Suwidin, wanda shi ne ma ya raɗa wa kuka Adansonia digitata. A zamaninsa mai raɗa suna ba ya ware samfuri guda ya ce ga wanda sunan ya rataya a kansa, kuma sai a 1958 aka wajabta yin hakan. Shi ya sa masana ke komawa ga abin da marubucin ya riƙe a hannunsa, busasshen reshe ne ko zane, su zaɓi ɗaya su tsayar da shi a matsayin samfurin asali, kamar dutsen iyakar gona da ake dubawa idan gardama ta tashi.

Bagaruwar da majemanmu ke jima da ita ta ɗanɗana wannan hukunci. Da can a kanta sunan Acacia ya tsaya, amma a taron masana na Biyana a 2005 aka mayar da shi kan wata bishiyar Ostireliya, saboda ƙasar tana da ire-iren dangin kusan 1,000, aka kuma tabbatar da haka a Melbon a 2011. Yau bagaruwa Vachellia nilotica ce, dakwara kuwa Senegalia senegal. Masanan Afirka da dama ba su ji daɗi ba, ni ma ina cikinsu, amma ƙa'ida ta riga ta zauna.

Ɗorawa kuma, sunan danginta Parkia ya fara fitowa ne a 1826, a ƙarshen littafin tafiyar Turawa matafiya Denham da Clapperton; Clapperton ɗin ne ya iso Sakkwato a 1824 ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Da yawa daga samfuran asali na itatuwanmu suna Landan da Paris, ɗalibinmu ba ya ganinsu sai a hoto ta intanet.

Roƙonmu ga Mai Martaba shi ne a haɗa mu da hakimai, da masu magungunan gargajiya, da Fulani makiyaya, domin kowace takarda ta ɗauki sunan da mutanen wurin ke kiran tsiron da shi, ci gaban aikin tattara sunayen tsirrai na Hausa da Bature Dalziel ya wallafa a 1916.

Allah ya taimaki Sarki, mun shimfiɗa takardar bagaruwa a teburin farko, da ita za mu fara.