Ina Kuɗin Ƙaramar Hukuma Suka Tafi a Shekarar Korona?

Assalamu alaikum, jama'a. A tsakiyar watan Maris na 2020 an cika maƙil a Argungu ana bikin kamun kifi, har da Shugaba Buhari, bayan bikin ya yi kusan shekara goma ba a yi shi ba. Kafin watan ya ƙare, saboda annobar korona, an rufe makarantu, an kulle Legas da Ogun da Abuja, ba a jima ba aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi. A wannan bidiyo za mu shiga sakatariyar ƙaramar hukuma a jihar Kebbi, mu ga yadda ciyaman ke yanke shawara idan annoba ta zo: wa za a biya, wa za a ce ya dakata, wane aiki za a tsayar.

Mu fara da inda kuɗin ke fitowa. Kebbi na da ƙananan hukumomi 21 cikin 774 na ƙasar nan, kuma kusan dukkansu da kason Abuja suke rayuwa. Duk wata kwamitin rabon arzikin ƙasa kan zauna: tarayya ta ɗauki kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi gaba ɗaya 20.60. Babban abin da ke cika asusun tarayya da ake rabawa a lokacin man fetur ne. An tsara kasafin 2020 a kan dala 57 kowace ganga. A watan Afrilu farashi ya faɗi ƙasa da dala 20, dole aka sake kasafin a kan dala 28. Abu biyu suka ɗan rage raɗaɗin: an karya darajar naira daga 306 zuwa 360 a dala ɗaya, don haka kowace dala ta ƙara yawan nairori, sannan tun Fabrairu harajin kayan masarufi ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5. Duk da haka kaso ya ragu.

To, a nan ne mutane da yawa ke kuskuren fahimta. A 2020 kuɗin nan ba hannun ciyaman suke faɗawa kai tsaye ba. Sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya ce su bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. A can ake cire albashin malaman firamare, da na ma'aikatan lafiya a matakin farko, da fansho, da kason masarautu. Ciyaman na Bunza ko na Maiyama kamar mai tsayawa a ƙarshen layin famfo ne: sai na gaba sun cika jarkokinsu, shi ya tari abin da ya rage. Idan kaso ya ragu, albashi ba ya raguwa da shi. Abin da ke ƙasa, wato kuɗin gudanarwa da na ayyuka, shi ke ƙafewa. Ga kuma dokar mafi ƙarancin albashi na naira 30,000 da aka sa wa hannu a 2019, wadda a lokacin ƙungiyoyin ƙwadago ke matsa lamba a aiwatar.

Kuɗin shiga na cikin gida fa? Tikitin kasuwa, kuɗin tasha, kuɗin rumfa, mahauta, kara. Duk suna buƙatar mutane su taru, annoba kuwa taro ta hana. Motar albasa da ba ta tashi daga Aliero ko Yauri zuwa kudu ba, ba ta biya kuɗin lodi ba. Garuruwan iyaka irin su Kamba ma tun Agustan 2019 suke cikin rufin boda, kuma ba a buɗe ta Kamba ba sai Afrilun 2022.

Yanzu batun ma'aikata, wanda ya fi ɗaure kai. Gwamnatin tarayya ta ce ma'aikatanta daga mataki na 12 zuwa ƙasa su zauna gida. A ofishin Abuja mai kwamfuta da intanet wannan magana ce mai ma'ana. A ƙaramar hukuma kuwa, ƙananan ma'aikatan su ne aikin: mai allurar rigakafi, ungozoma, duba-gari, mai kwashe shara, mai gadin asibitin sha-ka-tafi. Malamai na gida wata da watanni, albashinsu hakkinsu ne, dole a biya. Ma'aikatan lafiya kuma aiki ya ninka, ana neman takunkumi da safar hannu da man fetur na babur don bin sawun waɗanda suka yi mu'amala da mai cutar. Ciyaman ba shi da ikon korar babban ma'aikaci ko ɗaukar sabo, wannan na hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ce a Birnin Kebbi. Wanda yake da iko a kansa shi ne ɗan wucin gadi, mai alawus ɗin da bai taka kara ya karya ba, wanda ba shi da ƙungiya da za ta tsaya masa. Shi ya sa a irin wannan lokaci, mafi rauni ake fara taɓawa. A ganina tantance ma'aikata don fitar da na bogi ya fi wannan adalci, sai dai ya fi tsada a siyasance, domin kowane sunan bogi akwai mai shi.

Ayyuka kuwa labarinsu gajere ne. Ɗan kwangila ya karɓi kafin alƙalami, ya zuba yashi da tsakuwa, biya na biyu bai zo ba, siminti ya tashi, ya kwashe ma'aikatansa. Kwalbati, rijiyar burtsatse, rufin aji, duk aka ce sai an ga hali. Sai damina ta zo. Tsakanin Agusta da Satumban 2020 ambaliya ta cinye gonakin shinkafa a fadamun Argungu da Augie da Bagudo da Yauri, ta yanke hanyoyi, ta rusa gidaje. Magudanar da aka ɗage gyaranta a Afrilu don a tsimi kuɗi, a Satumba ta nemi ninkin abin da aka tsima.

Tallafi ya zo, amma daga sama aka tsara shi. Shirin ayyuka 774,000 ya ware mutum dubu a kowace ƙaramar hukuma, naira 20,000 a wata har wata uku, kuma sai Janairun 2021 aka ƙaddamar da shi. Da rigakafin korona ya iso a Maris ɗin 2021, ma'aikatan gundumomi da akwatunan sanyi da aka saba da su a yaƙi da shan inna ne suka kai shi ƙauyuka.

Kada wannan ya zama wanke ciyaman. Ko da ragowar kaɗan ce, shi ke zaɓar tsakanin gyaran burtsatsen asibiti da alawus ɗin zaman kansiloli, kuma wannan zaɓi nasa ne. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta ba kantomomin riƙo kuɗin, ko da yake aiwatarwar ta sha ja-in-ja. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa na wallafa abin da aka raba duk wata a intanet. Ku nemo na ƙaramar hukumarku na 2020, ku ajiye shi kusa da na bana, sannan ku tambayi kansilan gundumarku nawa ne ya iso sakatariya.