Jiragen Masuntan Danmak da Abin da Littattafan Yara Ke Tsallakewa

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka. Sharhinmu na yau ya leƙa ɗakunan karatun yara ne a Turai da Amurka, inda ake ta rubuta ƙagaggun labarai kan yadda Yahudawa suka kuɓuta daga hannun 'yan Nazi a Yaƙin Duniya na Biyu.

Labarin Danmak na cikin waɗanda marubuta suka fi ɗauka, kuma da dalili. A ƙarshen Satumbar 1943 wani jami'in diflomasiyyar Jamus, Georg Duckwitz, ya tsegunta wa 'yan siyasar Danmak cewa za a kwashe Yahudawa. Kafin a fara bi gida-gida a daren 1 ga Oktoba, galibinsu sun riga sun yi layar zana. Maƙwabta suka ɓoye su, asibitoci suka kwantar da wasu da sunayen ƙarya, masunta kuma suka dinga haye mashigin Oresund da su zuwa Suwidin cikin duhun dare. Cikin 'yan makonni mutum sama da 7,000 suka tsallake. A kan wannan ne marubuciya Ba'amurkiya Lois Lowry ta gina littafinta Number the Stars na 1989, labarin yarinya 'yar shekara goma da ta taimaki ƙawarta Bayahudiya, har ya ci lambar yabo ta Newbery, ta adabin yara a Amurka, a 1990.

Littafi ne mai kyau, ba na ja. Damuwata ita ce yaron da iyakar abin da ya karanta ke nan. Zai tashi yana zaton duk inda aka yi farautar Yahudawa, akwai maƙwabci nagari da jirgin ruwa na jira a bakin gaɓa. Ina! A Poland kaɗai an hallaka Yahudawa kimanin miliyan 3, wato tara cikin kowane goma. Yara Yahudawan da aka kashe a faɗin Turai sun haura miliyan ɗaya. Sai dai marubucin yara kan nemi wanda ya kai labari, shi kuwa wanda aka tura ɗakin iskar guba babu bakin magana.

Ko a Danmak ɗin ma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Masunta da dama sai da aka biya su, wasu da tsada, ko da yake mutumin da ya sa wuyansa da jirginsa cikin haɗari ba a cika ganin laifinsa ba. A garin masunta na Gilleleje, 'yan Gestapo, wato 'yan sandan ciki na Nazi, sun cafke mutum kusan 80 da ke ɓoye a saman rufin coci suna jiran jirgi. Wannan daren ma ya cancanci babi guda a littafin yara, ba sai an zubar da jini a shafi ba; yaro ɗan shekara goma sha biyu ya san ma'anar a tona asirin wanda ya ɓuya.

Kimanin Yahudawan Danmak 470 aka tasa ƙeyarsu zuwa sansanin tsare mutane na Theresienstadt. Wajen 50 suka mutu a can. Sauran sai a Afrilun 1945 fararen motocin Red Cross na Suwidin suka je suka kwaso su.

A huta lafiya.