Amsar Saƙon Auta: Inda Za Ka Samu Kayan Nazarin Addinai a Intanet

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da hasken, nan Ingila ƙarfe huɗu na yamma gari ya riga ya rufe, ga sanyi kamar ana tsira allura. Bidiyon yau na Auta ne, ƙanena da ke ƙauyenmu can gefen Gumel. Daren jiya ya turo min saƙon murya, ina jiyo Inna tana kora awaki a bayansa, ya ce, "Yaya, an ba mu aikin kwatanta addinai a makaranta. Na shiga YouTube har data ta ƙare, ban ga komai ba sai masu zagin juna."

To Auta, ai kasuwar ce ka ɓata. Muhawara daban, nazari daban. Mai muhawara so yake ya kayar da abokin gaba. Kai kuwa malaminka so yake ka faɗi abin da mabiya addini suka yarda da shi, yadda idan ɗayansu ya karanta zai ce, e, haka muke cewa.

Na san Baba zai ce me ya kai ɗan Musulmi karatun Hindu. Ka gaishe shi, ka ce masa ba Turawa suka fara ba. Al-Biruni ya zauna ya koyi harshen Sanskrit, ya rubuta littafinsa kan mutanen Indiya wajen shekarar 1030, kuma tun a gabatarwa ya ce shi rahoto zai kawo, ba raddi ba. Shahrastani, wanda ya rasu a 1153, ya yi Al-Milal wan-Nihal, littafi kan addinai da ƙungiyoyinsu. Larabcinka na makarantar zaure ya ishe ka, buɗe Shamila, rumbun littattafan Larabci na intanet, kawai ka nemo shi.

Ga allon kwamfutata, ku duba. Wannan archive.org ne, rumbu guda. Rubuta Sacred Books of the East: mujalladi 50 ne da Max Müller ya jagoranci fitarwa daga 1879 zuwa 1910, fassarar littattafan Hindu, Buddha, Zartusht (tsohon addinin Farisa) da na Sin, duk kyauta. Amma fa Turancin tsoho ne, kuma masu fassarar mutanen zamanin mulkin mallaka ne, wani lokaci za ka ji ƙanshin raini a sharhinsu. Ka ci tuwon, ka lura da miyar. In kana son nassi daga hannun masu shi, SuttaCentral na da na Buddha, Sefaria na da na Yahudawa da Ibrananci da fassara gefe da gefe.

Alƙaluma kuma kada ka ɗauko daga WhatsApp, don Allah. Cibiyar Pew ta Amurka ta ce a 2020 Kiristoci sun kai biliyan 2.3, Musulmi biliyan 2, Hindu biliyan 1.2. Ka sa shekarar a aikinka, domin lamba ba shekara kamar kuɗi ne ba shaida.

Yanzu abin da ya fi taɓa ni. Sai da na zo ƙasar nan, wata malama ta tambaye ni game da Maguzawa, na tsaya ina sosa ƙeya. Ni da na taso ina jin kiɗan garaya daga nesa, ana ce mana mu shige gida! Ita ce ta nuna min cewa Joseph Greenberg ya zauna a ƙauyukan Kano a 1938 da 1939, ya rubuta littafi kan iskoki da bautar Maguzawa, aka buga a 1946. Kunya ta kama ni ranar. Auta, ka sa wannan cikin aikinka. Ka shiga Google Scholar ka rubuta Maguzawa ko bori, sannan ka buɗe asusun kyauta a JSTOR, rumbun maƙalun jami'o'i, suna barin mutum ya karanta maƙalu a allo kowane wata ba ko sisi. A AJOL ma, shafin mujallun ilimi na Afirka, akwai rubutun malamanmu na gida, ko da yake wasu sai an biya. Bayan haka ka je ka durƙusa gaban tsofaffin garinmu da littafin rubutu, akwai abin da ke bakinsu da babu shi a ko'ina.

Saura maganar data. Na san sai ka hau tudun bayan firamare kake samun sabis, shi ma sanda biyu. Don haka ka manta da bidiyo. Darussan Jami'ar Yale na kyauta kan Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari suna da rubutaccen kwafi, shi za ka sauke, bai kai nauyin hoton biki ɗaya ba. A archive.org ma ka duba girman fayil kafin ka taɓa, wani PDF ɗin zai lashe maka kuɗin mako.

Ran Alhamis in ka raka Kawu kasuwar Maigatari, ka ba mai caji wayar tun da safe, ka sayi memori, ka zauna inda sabis ke da ƙarfi ka sauke komai lokaci guda. Na tura maka kuɗin ta hannun Yaya Babba. Na memori ne fa, ba na tsire ba.