Lacca Kan Gyaran Na'urar Sanyi ta Tsofaffin Motoci da Zaɓen Gas

Assalamu alaikum, 'yan'uwa makanikai da masu motoci. Zan fara da maganar da muka saba ji, wato a ce gas ɗin sanyin mota ya ƙare. Wannan gas ba fetur ba ne da inji ke ƙonewa. A rufe yake zagayawa, daga kwamfuresa, wato famfon da ke matsa shi, zuwa kwandensa inda yake fitar da zafi, ya bi ta bawul ya sanyaya cikin mota, sannan ya dawo. Idan ya ragu, to wani wuri na yoyo, kuma a tsohuwar mota galibi robobin mahaɗa ne suka bushe ko tiyo ya tsage. Duk wanda ya ƙara gas bai nemi yoyon da naitirojin da ruwan sabulu ba, zuba ruwa yake a kwando.

Motocin da aka ƙera kafin wajen 1994 sun zo da gas ɗin R-12, wanda Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina yinsa saboda yana lalata rufin ozon da ke kare duniya. R-134a ya maye gurbinsa, kuma a nan ne ake yawan kuskure, domin ba gas kaɗai ake sauyawa ba. Man da ke tafiya da R-12 ba ya gaurayuwa da R-134a, don haka idan aka bar shi sai ya kwanta wuri ɗaya, kwamfuresa ta yi ta juyi babu mai har ta ƙone. Wajibi ne a fitar da tsohon man, a zuba wanda ke gaurayuwa da R-134a, wato man PAG ko na esta, a sauya draya (matatar da ke tsotse danshi) da robobi, sannan a rage yawan gas zuwa kusan kashi 80 cikin 100 na adadin farko.

Ban yarda da R-22 na na'urar sanyin gida a mota ba, matsinsa ya fi ƙarfin tiyo. Nau'o'in gas masu ɗauke da furofen kuwa suna sanyi ƙwarai, ba na musu, amma suna kama wuta. R-1234yf na sababbin motoci ne.

Kafin a zuba komai, a zuƙe iska da danshi na aƙalla minti 30, domin danshi yana daskarewa ya toshe bawul, yana kuma zama asid. Daga nan a ɗora tukunyar gas a sikeli, a auna giram ɗin da aka rubuta a takardar da ke ƙarƙashin bonet, ko kusan kashi 80 cikin 100 nasa idan daga R-12 aka sauya.