Lacca: Ranar da aka sallami sojojin Iraki

Assalamu alaikum. Abubuwa uku zan taɓa a kan mamayar da Amurka ta yi wa Iraki: tsaro, kuɗi, da sake gina ƙasa. Na baya, kuna ji na? To, madalla.

Bagadaza ta faɗi ranar 9 ga Afrilu, 2003, yaƙin bai cika wata guda ba. Kafin a shiga, Janar Eric Shinseki, shugaban sojan ƙasa na Amurka, ya gaya wa majalisa cewa riƙe Iraki zai ci sojoji dubu ɗaruruwa. Aka yi biris da shi. Sai ga wasoso: ma'aikatu, asibitoci, har gidan tarihi. Ma'aikatar man fetur ce aka sa wa gadi, kuma mutanen gari sun gani da idonsu.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai, jama'a, shi ne watan Mayu. Paul Bremer, kantoman da Amurka ta naɗa, ya sa hannu kan doka ranar 16 ga wata, ya kori manyan 'yan jam'iyyar Ba'ath, wato jam'iyyar Saddam Hussein, daga aikin gwamnati. A cikinsu akwai malaman makaranta da likitoci da injiniyoyi, da yawa sun karɓi katin jam'iyya ne don kar a hana su ƙarin girma. Ranar 23 ya rusa rundunar soja ɗungurungum. Kimanin mutum 400,000! Ku tsaya ku yi tunani. Magidanci ne, da mata da 'ya'ya, an ce masa daga yau babu aiki, babu albashi. Ya iya harbi. Ya san inda rumbunan makamai suke, rumbunan kuwa babu mai gadi. Ya iya harbi, na ce, kuma an wulaƙanta shi a gaban iyalinsa. Daga baya, da aka yi zanga-zanga, aka fara ba su ɗan alawus, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Lokacin da ƙungiyar 'yan ta'adda ta ISIS ta kama birnin Mosul na Iraki a 2014, akwai tsofaffin hafsoshin Saddam cikin masu tsara mata yaƙi. A Japan ma, da Amurka ta mamaye ta bayan yaƙin duniya na biyu a 1945, an rusa soja, amma an bar Sarki Hirohito, an bar mafi yawan ma'aikata a kan kujerunsu, gwamnati ba ta tsaya ba.

Batun kuɗi, a gurguje. Majalisar Amurka ta ware dala biliyan 18.4 a ƙarshen 2003 don gyara, sai tsaro ya cinye kaso mai yawa, wutar lantarki kuwa ta ci gaba da ɗaukewa. Sojan Amurka kusan 4,500 suka mutu, 'yan Iraki kuwa dubu ɗaruruwa.

Na'am, malama? [Tambaya: tubabbun Boko Haram fa, mu karɓe su?]

Tambaya mai nauyi. Tun 2016 akwai shirin gwamnati na gyara halin tubabbu, Safe Corridor, da sansani a Malam Sidi, jihar Gombe, ana koya musu sana'a. Ba na son a watsar da wanda ya iya bindiga ba shi da abin yi, kun ji dalilina. Amma sojan Iraki ma'aikacin gwamnati ne, wannan kuwa wataƙila shi ya ƙona gidan maƙwabcinsa. Idan tubabbe ya koma gari da keken ɗinki, matar da aka kashe wa miji a Bama tana nan a sansanin gudun hijira tana jiran kwanon masara, ba za ta yarda ba, kuma tana da gaskiya. A fara gina mata nata ɗakin, a tambayi mutanen unguwa kafin a dawo da kowa.